Kaka da labaran ban tsoro: tarihin yadda dodo ya shiga littattafan yara

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar watan Oktoba ya kama, ɗakunan karatu da shagunan littattafai sukan keɓe wa yara wani sashe, su jera littattafan fatalwa da mayu da dodanni. Malaman makaranta kuma su riƙa ba iyaye sunayen waɗanda suka dace da kowane aji. Lokacin shi ne kakarsu: an gama girbi, ganyen itatuwa na kaɗewa, dare na ƙara tsawo. Wanda ya ga abin daga nesa zai ɗauka al'ada ce ta kaka da kakanni. Ba da labarin ban tsoro bayan girbi tsohon abu ne ƙwarai, amma ɗaura shi ga littafin yara da kuma watan Oktoba bai daɗe ba.

Da yawa daga cikin waɗannan littattafai sun iso hannunmu ta harshen Faransanci. Ya kamata malami ya san inda suka fito da irin gardamar da aka sha a kansu, domin tarihin nasu yana nuna wane tsoro ne ke gina yaro, wane ne kuma ke karya masa zuciya.

Hirar dare bayan girbi

Kafin littafi ya yawaita, manoman Turai suna da zaman hira irin na dare. A ƙauyukan Faransa, daga ƙarshen kaka har zuwa fitar sanyi, maƙwabta sukan taru a gida ɗaya don su yi tattalin itace da man fitila. Mata na kaɗi, maza na gyaran kayan noma, wani kuma na ba da labari. A Jamus ma akwai irin wannan zama a ɗakunan kaɗi. Ba a ware yara daga manya ba, don haka abin da babba ya ji shi yaro ke ji: ƙattin da ke cin naman mutane, kyarketai, da iyayen da ke yasar da ƴaƴansu a daji.

Masanin tarihi Robert Darnton ya nuna, a littafinsa na 1984, cewa waɗannan labarai hoton rayuwar manoman ne. Kishiyar uwa ta yi yawa a cikinsu saboda mata da yawa suna mutuwa wajen haihuwa, maza su sake aure. Yunwa ta yi yawa a cikinsu saboda yunwa ce babbar barazanar kowace shekara. Kyarkeci kuwa yana nan a bayan gari da gaske. Ke nan mai labari yana ɗaukar abin da kowa ke tsoro ne, ya ba shi suna da siffa, sa'an nan ya nuna yadda ƙaramin mai wayo zai kuɓuta daga gare shi.

Daga bakin tsohuwa zuwa takarda

A shekarar 1697 aka buga tatsuniyoyi takwas na Charles Perrault a birnin Paris. Shekara uku ke nan bayan yunwar 1693 da 1694, wadda ta kashe mutane fiye da miliyan ɗaya a Faransa. Shi ya sa labarin Le Petit Poucet, inda mai saran itace da matarsa suka kai ƴaƴansu bakwai daji suka baro su saboda babu abin ci, bai zo wa masu karatu na lokacin a matsayin abin mamaki ba. Perrault ya rubuta ne domin manyan birni da ƴan fada, ya kuma rufe kowane labari da gargaɗi cikin waƙa. A wajensa, yarinya mai jar hula, wato Le Petit Chaperon rouge, ba ta tsira ba: kyarkeci ya cinye kakarta, ya cinye ta, labari ya ƙare a nan.

Bayan shekara ɗari da ƴan kai, ƴan uwa biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fitar da kundinsu na farko a 1812, mai labarai 86, na biyu kuma a 1815. Aikin bincike suka nufa, don adana harshe da al'adun Jamusawa, har da bayanai na masana a ƙarshen littafin. Amma iyaye suka saya wa yara, suka kuma yi kuka da cewa wasu labaran ba su dace ba. Daga nan Wilhelm ya shiga gyara, bugu bayan bugu, har zuwa na bakwai a 1857. Ya cire labarin yaran da suka yi wasan fawa har ɗaya ya yanka ɗan uwansa. Ya cire abin da ya shafi batsa. Muguwar uwar da ke cikin labarin Blanche-Neige ya mayar da ita kishiyar uwa a 1819, haka kuma ya yi wa uwar Hansel da Gretel a 1840, saboda masu karatu ba su iya jure jin cewa uwa mahaifiya ce ta aikata haka ba. A 1825 suka fitar da ƙaramin bugu mai labarai 50 da zane-zane, domin yara kai tsaye.

Abin lura shi ne ba su cire tsoron ba. Mayya na nan da murhunta, kyarkeci na nan da haƙoransa. Abin da suka tabbatar shi ne mafita. A nasu labarin na yarinya mai jar hula, maharbi ya zo ya farke cikin kyarkecin, yarinyar da kakarta suka fito da rai. Gretel kuwa da hannunta ta tura mayya cikin wuta ta ceci ɗan uwanta.

Masu adawa, da tsoron horo

Tun da wuri akwai waɗanda ba su yarda da wannan ba. A 1693 masanin Ingila John Locke, a littafinsa kan tarbiyya, ya gargaɗi iyaye da su hana barori tsoratar da yara da dodannin duhu, domin a ganinsa abin da ya shiga zuciya da ƙuruciya yana da wuyar fita. A 1762 Jean-Jacques Rousseau ya ba da shawarar a riƙa shirya wa yara wasanni cikin dare, su saba da duhu cikin dariya. A farkon ƙarni na 19, Sarah Trimmer, wadda ta kafa mujallar duba littattafan yara a Ingila a 1802, ta soki tatsuniyoyi irin na Perrault da cewa suna cusa wa yara firgita marar dalili.

Sai dai masu son tarbiyya su ma sun yi amfani da tsoro, kuma nasu ya fi zafi. A 1845 wani likita na birnin Frankfurt, Heinrich Hoffmann, ya buga littafin Struwwelpeter, wanda ya fara zana wa ɗansa. A ciki, yarinyar da ta yi wasa da ashana ta ƙone ƙurmus, yaron da ke tsotson yatsa tela ya datse masa manyan yatsu da almakashi, wanda ya ƙi shan miya kuwa ya rame har ya mutu. Masana sun yi saɓani a kan ko Hoffmann ba'a yake yi wa littattafan wa'azi na zamaninsa. Ko ma mene ne nufinsa, littafin ya bayyana wani bambanci da ya kamata malami ya riƙe. A tatsuniya, dodo daga waje yake, yaro kuma shi ne jarumi. A labarin horo, yaron shi ne mai laifi, dodon kuma ɗan sandan manya ne. Na farko yana koya wa yaro ƙarfin hali, na biyu yana koya masa biyayyar tilas.

Yadda Oktoba ta gaji Disamba

A Ingila ta ƙarni na 19, lokacin labarin fatalwa shi ne Kirsimeti, tsakiyar sanyi. Shahararren labarin Charles Dickens na 1843, inda fatalwowi suka ziyarci wani attajiri marowaci, labarin Kirsimeti ne. M. R. James, malamin jami'ar Kambirij, a daren Kirsimeti yake karanta wa abokansa labaran fatalwa, kafin ya tara su cikin littafi a 1904. To, ta yaya abin ya koma Oktoba?

Amsar tana tsibirin Ayilan da ƙasar Sikotilan. Mutanen can na dā suna da bikin Samhain a farkon Nuwamba, na ƙarshen girbi da dawo da dabbobi daga kiwo. Tsofaffin rubuce-rubucen Ayilan sukan sa haɗuwar mutane da mutanen ɓoye a wannan dare. A gefe guda kuma, cocin Roma ya tsayar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar dukkan waliyyai, wadda Faransawa ke kira Toussaint, daga baya aka ƙara 2 ga wata don tunawa da matattu. Sunan Halowin ma'anarsa jajibirin ranar waliyyan. Samari kan ɓad da kama su bi gida gida, sukan kuma rarake wata saiwar lambu mai kama da babban dankali su sa wuta a ciki.

Yunwar da ta afka wa Ayilan daga 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da haka, mafi yawansu zuwa Amurka. Suka tafi da al'adarsu, suka tarar da kabewa, wadda ta fi sauƙin rarakewa. Suka kuma tarar da labarin da ya riga ya haɗa kaka da kabewa da fatalwa: The Legend of Sleepy Hollow na Washington Irving, wanda aka buga a 1820. Jarumin labarin malamin makarantar ƙauye ne, Ichabod Crane, mai son jin labarin fatalwa da kuma saurin firgita. Ya je bikin kaka a gidan wani babban manomi, ya sha labarai, kan hanyar komawa sai mahayin doki marar kai ya bi shi. Da gari ya waye aka tarar da hularsa da fasasshiyar kabewa, marubucin kuma ya bar alamar cewa abokin takararsa na neman aure ne ya shirya masa. Irving bai ambaci Halowin ba ko sau ɗaya, amma Amurkawa sun mayar da labarin na wannan dare.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne bikin ya zama na yara sosai a Amurka, da yawon gida gida don karɓar alewa. Da makarantu suka karɓe shi, maɗaba'u suka bi sahu, domin kowane malami yana neman abin da zai karanta wa aji a wannan mako. Daga nan aka samu jerin littattafan kaka. A Faransa kuwa, sai ƙarshen shekarun 1990 ƴan kasuwa suka shigo da bikin da ƙarfi.

Littattafan ƙarni na 20

Gardamar ba ta mutu ba. A Faransa, dokar 16 ga Yuli 1949 ta kafa kwamitin sa ido kan abin da ake buga wa matasa. A Amurka, bayan littafin likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham na 1954, masu buga mujallun zane suka ɗora wa kansu ƙa'idojin da suka kashe mujallun ban tsoro na lokacin. Duk da haka, a cikin shekarun da suka biyo baya ne aka rubuta mafi kyawun littattafan wannan fanni.

A 1963 Maurice Sendak ya fitar da littafin da aka fassara da sunan Max et les Maximonstres. Yaro ya yi rashin ji, aka tura shi ɗaki ba abinci, ya yi tafiya cikin tunaninsa zuwa ƙasar dodanni, ya ƙura musu ido har suka naɗa shi sarki, sa'an nan kewar gida ta kama shi, ya dawo ya tarar da abincinsa da ɗumi. Manya da yawa sun ce zai firgita yara, amma yara suka rungume shi. A 1967 Tomi Ungerer ya rubuta Le Géant de Zeralda, labarin ƙaton da ke cin yara har wata yarinya gwanar girki ta sa ya manta da naman mutum. A shekarar dai Pierre Gripari ya fitar da Contes de la rue Broca, inda mayu ke zaune a wata unguwa ta Paris, kuma tare da yaran unguwar ya ƙirƙiri labaran. Waɗannan uku sun dace da ƙananan azuzuwa, domin dariya da tsoro suna tafe tare a cikinsu.

Ga waɗanda suka ƙara girma, akwai L'Arbre d'Halloween na Ray Bradbury, na 1972, inda wasu yara ke bin tarihin tsoron mutuwa daga Masar ta dā har zuwa Meziko don ceton abokinsu, da Sacrées sorcières na Roald Dahl, na 1983, inda yaro da kakarsa suka tunkari taron mayu. Alvin Schwartz kuwa, daga 1981 zuwa 1991, ya tara labaran baka na Amurka cikin littattafai uku, har da bayanin inda mai ba da labari zai rage murya da inda zai yi tsawa. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ƙidaya cewa su ne littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu tsakanin 1990 da 1999, galibi saboda zane-zanen da ke ciki. Sai R. L. Stine, wanda ya rubuta littattafai 62 daga 1992 zuwa 1997, waɗanda aka sani a Faransanci da Chair de poule. Ba adabi ne mai zurfi ba, amma malamai da yawa sun ga yaran da ba su son karatu suna cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Namu dodon

Ba sai mun ari Halowin ba kafin mu san wannan lokaci. Idan an yanke hatsi, dami ya shiga rumbu, farin wata ya fito, a nan tatsuniya, ko gatana, take samun kasuwa. Dokarta ma ta nuna ta dare ce, domin ana hana yin ta da rana. Tana da ƙofar shiga da ƙofar fita: mai bayarwa ya ce ga ta nan ga ta nanku, masu saurare su amsa, a ƙarshe a rufe da ƙurunƙus, a shaida wa kowa cewa ƙarya ce aka gilla. Tsakanin ƙofofin nan biyu Dodo yana da ikon haɗiye gari sukutum, amma Auta yakan farke cikinsa mutane su fito, kamar yadda maharbin Grimm ya yi wa kyarkeci. Har muna da tatsuniyar kabewar da ke bin wata yarinya tana haɗiye awaki da shanu da mutane, sai da aka fasa ta.

Shigar waɗannan labarai cikin takarda ita ma tana da tarihi, kuma ƙasarmu na da hannu a ciki. Dorugu, yaron da aka haifa a yankin Kance cikin ƙasar Damagaram, wanda ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai, shi ya ba J. F. Schön labarai da yawa da suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin kundi uku daga 1911 zuwa 1913. Kamar aikin Grimm na farko, waɗannan domin manya masu nazari aka yi su. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce na ƙarshen shekarun 1930, ya rubuta domin ƴan makaranta, ya kuma ɗauko wasu labarai daga Grimm ya sa musu rigar Hausa. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Boubou Hama kuma ya buga Contes et légendes du Niger daga 1972 zuwa 1976. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Zinder a 1973, ake neman abin karantawa cikin harshen gida, ga shi kuwa tatsuniya na nan zube.

Abin da malami zai duba

Tarihin nan ya bar mana ma'auni. Da farko a duba wane ne ke da ƙarfi a ƙarshen labari. Idan yaron cikin labarin ya tsira da wayonsa, ko da haƙurinsa, ko da taimakon ɗan uwa, mai saurare zai tashi da ƙwarin guiwa. Idan kuwa labarin ya ƙare da dodo ya yi nasara don a hori mai laifi, a ajiye shi sai yaro ya girma.

Na biyu, a tuna cewa littafi ba shi da ido. Tsohuwar da ke gatana tana kallon fuskar jikokinta, in ta ga ƙarami ya maƙale a jikin yayarsa sai ta sassauta, ta shigo da Gizo a yi dariya. Littafi kuwa yaro kan karanta shi shi kaɗai, zanen da ke ciki ya bi shi har shimfiɗa. Don haka ga ƙananan yara, a karanta musu a bayyane, cikin jama'a, a buɗe a kuma rufe kamar yadda ake yi wa tatsuniya, a bar su su yi tambaya.

Na uku shi ne mafi nauyi a wajenmu. Mayya ta zama abin wasan yara a Turai ne bayan an daina kashe mutane da sunan maita. Tsakanin ƙarni na 15 da na 18 an kashe dubban mutane a can kan wannan zargi, mafi yawansu mata. Dokar sarki Louis na 14 ta 1682 ta kawo ƙarshen yawancin irin wannan shari'a a Faransa, shekara 15 kafin littafin Perrault. Yaron Paris da ke karanta Gripari ba zai fita ya nuna maƙwabciyarsa da yatsa ba. A garuruwanmu kuwa, kalmar mayya har yanzu tana iya raba tsohuwa da gidanta, ta hana ƴaƴanta aure. Labarin da ya siffanta abin tsoro da kamannin mutumin da yaro zai gamu da shi a hanyar rijiya, tsohuwa ce, ko zabiya, ko mai naƙasa, ko baƙo, yana buƙatar malami ya tsaya ya yi bayani, ko ya zaɓi wani. Dodo ya fi aminci, domin ba shi da gida a unguwa, ba shi da dangin da za a tsangwama.

Komawa makaranta a ƙasarmu yana zuwa ne daidai da kaka. Ƙungiyoyin al'adu da malamai suna iya keɓe maraice ɗaya a mako, daga girbi zuwa fitar ɗari, a gayyato tsofaffin unguwa su yi gatana, manyan ɗalibai su rubuta abin da suka ji tare da sunan garin da aka ba da shi, a kuma karanta labari ɗaya na Perrault ko na Grimm a gwada shi da namu. Idan aka yi haka shekara biyu ko uku, kowace makaranta za ta samu kundinta, kuma littafin kaka na gaba da za mu ba yaranmu zai fito ne daga bakin kakanninsu.